Babban gida a awon igiya ko ƙarami a unguwar da ta zauna?

Wa'alaikumus salam. Malam, ka ce kuɗin hannunka ɗayan biyu za su saya: gida mai ɗaki huɗu da falo biyu a awon igiya can bayan Gaida a Kano, ko mai ɗaki biyu da falo a Tarauni, ga yara biyar, ga shagonka a Kantin Kwari. Shawarata ka ɗauki na Tarauni, amma sai ka duba wasu abubuwa kafin ka ba da ko kafin alƙalami.

Ɗaki ana ƙara shi duk ranar da Allah ya hore. Lungu kuwa yadda ka same shi haka zai zauna. Matsalar awon igiya ke nan: mai gona ne ya yanka fulotai ƙafa 50 da 50, ya matse hanya don ya fitar da ƙarin fili, ba a ware wurin makaranta ko lambatu ba. Idan kowa ya gina, sai ka ga lungun da A Daidaita Sahu biyu ba sa iya giftawa, balle tifar yashi ko motar kashe gobara. Ruwan kwata kuma sai ya kwanta a ƙofar wanda gidansa ya fi gangare. Sannan ka lissafa kuɗin motarka zuwa Kwari kullum, da na kai yara makaranta, da na 'yan garuwa, na wata guda, ka ninka sau 12. A nan rahusar babban gida take zurarewa.

To amma sunan unguwa kaɗai ba ya wadatarwa, don a cikin Tarauni ma akwai layin da bai kai wani na bayan gari ba. Ka je sau uku ba tare da dillali ba: da safe lokacin fita makaranta, bayan sallar isha'i don ka ga su wa ke zama a bakin layi, da kuma bayan an sheƙa ruwa, musamman a Agusta. Ka dubi gindin bango. Idan fenti ya kumbura yana zuba kamar gishiri, danshi ne ke hawowa daga ƙasa, wani lokaci ma tsohon kududdufi aka cike da shara aka yi gini a kai, kuma irin wannan ginin tsagewa yake yi. Ka tambayi maƙwabta ko rijiyoyinsu na kai wa bazara, da awa nawa kamfanin lantarki na KEDCO ke ba su wuta. Limamin masallacin layin da mai unguwa sukan san tarihin gida fiye da mai sayarwa.

Sai takardu, inda mutane suka fi kuka. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar cikin birni tana hannun gwamna, don haka takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu ba ta kai shaidar mallaka ta gwamnati ba. Ka ɗauki lambar fayil ɗin gidan, lauya ya bincika maka a KANGIS, hukumar ajiye bayanan filaye ta Kano, ko sunan ya dace da na mai sayarwa, ko an jinginar da gidan a banki. In gidan gado ne, kada ka biya sai an raba gado kuma duk magada sun sa hannu, har matan da ke gidajen aurensu.

Maganar ƙarin ɗaki kuwa, ka kai injiniya ya haƙa gefen tushen ginin ya ga ko an zuba ginshiƙai da rodi. In babu, kada magini ya ruɗe ka da cewa bulo mai inci 9 zai ɗauki bene. In akwai, sai ka nemi izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, kafin ka ɗora. Kafin nan, idan gidan na da soro, a gyara shi da ƙaramin banɗaki, samarin su koma can, 'yan matan su riƙe ɗaki na biyu.