Me Ya Sa `18 < shekaru` Ke Ƙin Shiga?

Tambaya: Malam, na rubuta manhaja mai karanta sharaɗin tace bayanai kafin ta miƙa shi ga rumbun bayanai. Tana karɓar `shekaru > 18` lafiya lau, amma da an rubuta `18 < shekaru` sai ta ce kuskure ne. In ƙara mata wata ƙa'ida ce ta daban?

Amsa: A'a, kar ka ƙara. Tun farko ka ɗaure nahawun manhajar ne da cewa sunan fili (irin `shekaru`) ke zuwa hagu, ƙima (irin 18) dama. Kwance wannan ɗaurin. Bari kowane ɓangare ya karɓi ko wanne, sannan bayan an gama karanta sharaɗin ka sa mataki guda na daidaitawa: in ƙima ce a hagu, fili a dama, sai a musanya su, a juya alamar.

Wurin juya alamar nan ake yin tuntuɓe. `<` tana komawa `>`, `<=` ta koma `>=`, amma `=` da `<>` (alamar "ba daidai ba") ba a taɓa su. Wasu kan ɗauko kishiyar alama maimakon juyinta, su mayar da `18 < shekaru` ta zama `shekaru >= 18`. Gwaji zai wuce sumul da 17 da 30, sai ɗan shekara 18 cif ya kutso cikin sakamakon ba a gayyace shi ba. Don haka a gwajinka sa ƙimar kan iyaka, ko da ita kaɗai ce.

PostgreSQL, wani shahararren rumbun bayanai, ya raba abubuwan nan biyu sarai. A umarnin `CREATE OPERATOR` akwai `COMMUTATOR` na juyi, akwai `NEGATOR` na kishiya. Da na farkon yake komar da fili hagu domin ya iya amfani da fihirisa, wato jerin da ke hanzarta nemo bayanai. A ganina kwaikwayon wannan ya fi: ɗan jadawali, kowace alama da juyinta.

Alamar da ba ta da juyi kuwa, irin `LIKE` mai gwada rubutu da wani ma'auni, kar a matsa mata. `'Audu' LIKE suna` ba ɗaya ba ne da `suna LIKE 'Audu'`, domin a na farko abin da ke cikin filin ne ya zama ma'aunin da ake gwada 'Audu' da shi. Ko ka bar shi yadda ya zo, ko ka ƙi shi da saƙo bayyananne.

Sai batun fili biyu, kamar `kuɗin_saye < kuɗin_sayarwa`. SQL, yaren da ake tambayar rumbun bayanai da shi, bai damu ba, amma in MongoDB (wani rumbun mai nasa yaren daban) kake aika wa, sai ka bi ta `$expr`, hanyarsa ta kwatanta fili da fili. Ƙima biyu irin `1 = 1` kuwa, ni dai ƙin ta nake yi kai tsaye in daga waje sharaɗin ya fito.