Farantai Shida da Wutar Gas ta Fatakwal

Sani, jiya muna saukowa daga rufin mai shagon nan ka nuna min jan da ke sama, ka ce: "Maigida, ga iskar gas ana ta ƙonawa dare da rana, me farantanmu shida na sola za su rage daga hayaƙin nan?" Hannuna na kan tsani, shi ya sa ban tanka ba.

Waccan wutar ta girme ka nesa ba kusa ba. A 1956 aka samu mai a Oloibiri, cikin Bayelsa ta yau, kuma iskar da ke biyo ɗanyen mai banka mata wuta ake yi, don tara ta yana cin kuɗi. A 1984 doka ta hana sai da izinin minista, amma ga shi ka gani da idonka. Ba ni da kai za mu kashe ta ba, kada ma ka yi wa mai aiki wannan alkawari.

Rabonmu shi ne janaretan da ke bayan shago. Duk litar fetur da ya sha, yana amayar da iskar kabon wajen kilo 2.3. Ka ce mamaki, lita ɗaya ko kilo ba ta kai ba? Kabon ɗin da ke cikin man ne yake haɗuwa da iskar da muke shaƙa, nauyin ya ƙaru. Mutumin nan ya ce lita huɗu yake zubawa kullum saboda firiza da fanka. Buga lissafi: sama da kilo 9 a rana, a shekara ya haura tan 3. Shi kuwa ba hayaƙi ne ya kawo shi wurinmu ba, aljihunsa ne. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, zama kusa da rijiyar mai bai sa an rage masa ko kwabo a gidan mai ba.

Amma lissafin yana tabbata ne kawai idan janaretan ya yi shiru. Ranar da batir ya mutu ƙarfe goman dare, zai tashi ya ja igiya, aikinmu ya zama ado.

Shi ya sa na hana ka auna aikin nan da ma'aunin Kano. Nan damina doguwa ce, hadari kan rufe rana kwana da kwanaki, dole a ƙara farantai, a ba batir sarari. Ka tuna na sa ka ɗaga kan farantan, ka ce ai rana a tsakiyar ka take? Gaskiyarka, amma in ka kwantar da faranti shimfiɗe, ruwa ya kwanta a kai, datti ya daskare. Kada gangaren ya gaza digiri 10. Sannan baƙin tokar garin nan, wadda mutane ke kuka da ita tun 2016, ba ƙurar hunturu ba ce da za ka kaɗe da tsumma. Maiƙo gare ta. Da ka shafa yatsa a gilashin jiya, ai ka ga yadda ya fito kamar ka taɓa gindin tukunya.

Gobe da sassafe, kafin gilashin ya ɗau zafi, ka hau da bokiti da soso mai laushi, ka nuna wa yaron shagon yadda ake wankewa. Tsofaffin batiran kuma ka loda su a mota, kada wani ya fasa su a bakin kwata, akwai dalma a ciki.