Tsinin wutsiyar inji yana ƙona mini katako, ina mafita?

Tambaya: Ina sassaƙa ƙafafun tebur a injin juya katako. Bakin katakon da ke jikin tsinin wutsiya, wato tsinin ƙarfen da ke tokare ɗaya ƙarshen katakon, yakan yi baƙi har da hayaƙi, in na ƙara ɗaurewa kuma sai ya tsage. Me zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, ga dukkan alamu tsininka irin wanda ba ya juyawa ne. Yana kafe wuri ɗaya, katako na gugarsa sau ɗaruruwa a minti guda, dole zafi ya taru. Kakin zuma ko ɗigon mai a bakin tsinin yana rage ƙunar, sai dai man yakan bi jijiyar katako ya bar tabo. Ni dai shawarata ka nemi tsini mai boris, wanda ke juyawa tare da katakon. Kafin ka biya kuɗi, duba girman ramin wutsiyar injinka. Akasarin matsakaitan injuna girman da ake kira MT2 suke ɗauka, wasu ƙanana kuma MT1.

Maganar tsagewa ita ce ta fi damuna, domin nan ne ake jin rauni. Tsini zalla, mai kusurwar digiri 60, yana kutsawa tsakanin jijiyoyin katako ne yana buɗa su, duk murɗawar da ka ƙara kana taimaka masa. A katako mai laushi ko ɗanye abin ya fi muni. Akwai wani iri mai ƙaramin tsini a tsakiya da zobe mai kaifi kewaye da shi. Zoben yana dannuwa a bakin katakon, ya tattare jijiyoyin, ya hana tsinin nutsewa can ciki. Ga mai aikin ƙafafun tebur da kujera, wannan ne ya dace.

Ɗauri kuwa daidai wa daida. Ja layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa a bakin katakon, ka ɗan huda mahaɗarsu da ƙusa, tsinin ya zauna a nan. Kulle wutsiyar, ka murɗa hannun da ke tura tsinin gaba har zoben ya bar shaida a katakon, sannan ka kulle sandar da tsinin ke zaune a cikinta ita ma. Inji na kashe, girgiza katakon da hannu. In bai motsa ba, ya isa. Abin da ya wuce haka wahalar da boris ne, siririn katako kuma yakan lanƙwashe ya riƙa karkarwa a bakin ƙarfen sassaƙa. Bayan 'yan mintoci ka tsayar da inji ka sake dubawa, don tsini yakan ƙara cin wuri, ɗaurin ya yi sako-sako.

Kada ka zuro sandar tsinin da tsawo, gara ka matso da wutsiyar gaba ɗaya. In kuma rawar ba ta daina ba, cire katakon, goge dusar da ke cikin ramin wutsiyar, ka kawo tsinin wutsiya daf da na kan inji, wanda ke juya katakon. Bakunan biyu su fuskanci juna cif. In ɗaya ya kauce, sai ka fara gyara zaman wutsiyar kafin ka ɗora wani katakon.