Tambaya da Amsa: Shin aiki a tashar tauraron ɗan'adam yana hana haihuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekara huɗu ke nan ina sana'ar ɗaura dish na talabijin a Kaduna. Yanzu wani kamfani ya ɗauke ni aiki a tasharsa ta sadarwa, inda ake da manyan dish da kuma VSAT, wato ƙananan dish masu aikawa da karɓa, da ake kai wa bankuna. Hankalin mahaifiyata ya tashi, an gaya mata radiyeshin ɗin wurin yana kashe ƙwayoyin haihuwa, har ana cewa shi ya sa tsohuwar tashar tauraron ɗan'adam ta Kujama, nan kusa da Kaduna, ta mutu. Maigidana kuwa ya ce zancen banza ne, dish dish ne, in yi aiki yadda na saba. Saura wata uku aurena. Maganar wa zan bi?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka a auren. Ka karɓi aikinka, ka kuma kwantar wa Hajiya da hankali. Amma kada ka bi maganar maigidanka, domin ita ce ta fi haɗari a cikin biyun.

Mu fara da Kujama. Tashar ƙasa ta farko mai sadarwa da tauraron ɗan'adam a Najeriya ita ce ta Lanlate, a jihar Oyo ta yanzu, wadda aka buɗe a 1971 ƙarƙashin kamfanin NET mai kula da sadarwar ƙetare. Ta Kujama ta biyo baya, kuma duka suka koma hannun NITEL da aka kafa a 1985. Taurarin sadarwa na Intelsat na wancan zamani ba su da ƙarfi, siginarsu tana isowa ƙasa a galabaice bayan tafiyar kusan kilomita 36,000, shi ya sa dole a gina dish mai faɗin kusan mita 30 a wajen gari, nesa da hayaniyar rediyo. Da taurari suka yi ƙarfi, dish mai rabin wannan girma ya wadatar. Sai kebul na ƙarƙashin teku ya iso Legas, SAT-3 a farkon shekarun 2000, MainOne da Glo-1 a 2010, ya kwashe cinikin kiran waje. NITEL kanta ta durƙushe. Abin da ya mayar da waɗannan tashoshi baya ke nan, babu ruwan ciwo a ciki. Aikin kuwa bai ƙare ba: daga tashar Abuja ake sarrafa tauraron Najeriya NigComSat-1R da aka harba daga Sin a Disambar 2011.

Game da tsoron Hajiya, igiyar rediyon da tasha ke aikawa tana kan gigahaz 6 a zangon da ake kira C, ko 14 a zangon da ake kira Ku. Ba irin ta hoton ƙashi a asibiti ba ce, ba ta da ƙarfin farfasa ƙwayoyin halitta, kuma ba ta taruwa a jiki. Illarta guda ce, zafi, idan ta taru da yawa a wuri ɗaya. Babban dish kuwa yana tattara ta cikin siririn layi ya cilla sama. Mai mita 30 a zangon C, faɗin layinsa bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na digiri ba, kuma daga Kaduna idan ana kallon NigComSat-1R a digiri 42.5 gabas, dish yana ɗage kai kimanin digiri 48. Wanda ke ofis, ko ɗakin na'urori, ko gidan maƙwabta, abin da ke isa gare shi bai kai ko kusa da iyakar da aka sa wa jama'a ba. Gaskiya ne zafi mai tsanani yana rage maniyyi na ɗan lokaci, amma sai mutum ya tsaya a gaban ƙaho, wato bakin da igiyar ke fitowa ta nufi farantin dish, lokacin da yake aikawa, kuma wurin da bai kamata ka tsaya ba ke nan.

Nan ne maganar "dish dish ne" ke cutar da yara masu sana'a, kuma ba a rabuwa da jin ta. Dish ɗin da ka saba da shi karɓa kawai yake yi. LNB, na'urar karɓar sigina da ke gaban faranti, ba ya fitar da komai, ko ka rungume shi yini guda. Hannunka ya saba da kama ƙaho yana juyawa, kanka ya saba da shiga tsakanin ƙaho da faranti kana kallon mita. VSAT yana da wata na'ura mai suna BUC a bayan ƙahon, kuma BUC aikawa yake yi. Ko yana aikawa ko ba ya aikawa, a ido babu bambanci. Ba ya ƙara, ba ya haske, ba ya wari.

Ga lissafin. Ƙaramin BUC mai wat 4, ƙahonsa mai faɗin baki kimanin santimita 5. Idan ka raba ƙarfin da girman bakin, za ka samu kusan wat 2,000 a kowace murabba'in mita. Iyakar da ICNIRP, hukumar ƙasa da ƙasa mai tsara ƙa'idar kariya daga irin wannan igiya, ta sa wa jikin ma'aikaci a wannan zango wat 50 ce, ta jama'a kuma 10. Ninki arba'in ke nan a bakin ƙahon na'urar da kowa ke rainawa. Bututun da ke kai sigina ga ƙaho a zangon Ku ya fi haka matsewa, milimita 19 ne da 9.5. To ina ga babbar tasha, inda amfilifaya, na'urar ƙara wa sigina ƙarfi, ke fitar da wat 400, ko 750, ko kilowat 3?

Ido ne ya fi shan wahala. Madubin cikin ido ba shi da jijiyoyin jini da za su kwashe zafi, don haka yana iya gasuwa kafin ciwo ya sa ka ja baya, kuma yanar ido na iya biyo baya daga bisani. Abin takaici, leƙa buɗaɗɗen bututu don a ga ko ruwa ko gizo-gizo ya shiga shi ne abin da sabon ma'aikaci ya fi saurin yi. Kada ka taɓa sa idonka a bakin bututu ko ƙaho sai ka raba shi da wuta da hannunka.

Kuma "na kashe" iri-iri ne. Dakatar da aikawa daga shafin modem a kwamfuta ba kashewa ba ne, domin cibiyar da ke kula da layin tana iya kunna shi daga Legas ko Turai ba tare da ta san kana kan tsani ba, ko modem ɗin ya sake tashi da kansa bayan an ɗauke wuta. BUC yana samun volt 24 ko 48 ta kebul ɗin aikawa. Cire modem daga soket, kwance wannan kebul, sannan ka hau. Idan BUC ɗin mai wutarsa ne daban, ita ma ka cire ta.

A babbar tasha akwai tarko na biyu. Amfilifaya biyu ake haɗawa, ɗaya yana aiki, ɗaya yana jira. Ka kashe na farko, na'ura ta ɗauka lalacewa ya yi, cikin ƙiftawar ido ta miƙa aikin ga na biyu. Sai ka fara mayar da makunnin canji zuwa na hannu, ka dakatar da aikawa a duka biyun, ka sauke babbar wuta, ka kashe bireka, ka sa kwado, makullin yana aljihunka, ba a rataye a ƙusa ba. Ka danna maɓallin tsayar da motocin dish, domin yana bin siginar tauraro yana gyara zamansa da kansa, kuma giyar da ke juya tan-tan na ƙarfe ba ta san yatsa ba. Cikin akwatin amfilifaya akwai volt dubu takwas zuwa sama, kafasito, ɓangaren da ke tara wuta, kuma yana riƙe caji bayan an kashe. Sai an taɓa shi da sandar atin, mai zubar da wutar cikin ƙasa, kafin hannu ya shiga. Wannan wutar ce ke kashe mutum nan take, ita ce kuma ba a maganarta a unguwa. Tsohon kwan amfilifaya da ya mutu ma kada a fasa shi don neman tagulla, wasu suna ɗauke da farar ƙasar beriliyam wadda ƙurarta guba ce ga huhu.

Masu sayar da sitika ta "tsotse radiyeshin", da masu cewa a sha madara bayan aiki don a wanke jiki, suna ƙara ɓata lamarin. Babu abin da ya zauna a jiki balle a wanke. Wanda ya manna sitika a hula sai ya ji ya samu kariya, ya ƙara matsawa kusa da ƙaho. Kamfanin da ke raba wa ma'aikata gwangwanin madara alhali bai sayi mitar auna ƙarfin igiya ba, bai zana jan layi kewaye da dish ba, yana wasa da lafiyar 'ya'yan mutane.

Saita VSAT da aikawa a kunne yana cutar da wasu ma. Taurari suna jere a sama da tazarar digiri biyu ko uku, kuma kana lilo da faranti kana watsa sigina cikin layin wani asibiti ko gidan talabijin da ba ka sani ba. Ana saitawa da karɓa kaɗai, a ɗaure kusoshi, a kira cibiyar tauraron a waya, su ne za su ce ka aika da ƙaramin ƙarfi, ka juya ƙaho sannu a hankali har su tabbatar siginarka ba ta zuba cikin ɗaya ɓangaren layin da wasu ke amfani da shi ba. A wannan lokaci kana tsaye a baya ko a gefen dish, hannunka ba ya gaban ƙaho.

Ku masu gida da ke koyar da yara, amana ce a wuyanku. Yaro ya zo muku da idonsa biyu lafiya, iyayensa sun sallama muku shi, ba daidai ba ne ku tura shi kan tsani da abin da kuka sani na zamanin dish ɗin kallon ƙwallo. Idan ba ku taɓa aiki da na'urar aikawa ba, ku faɗa masa gaskiya ya je ya koya.

Kai kuma, ranar farko ka nemi a nuna maka takardar ƙa'idar kashe na'ura, da inda bireka take, da kwadon da zai zama naka. Idan suka ce ba su da ko ɗaya, kada ka hau dish ɗin sai an samar.