Zan shiga gasar tirayatlon, amma ban taɓa iyo a tafki ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Koci. Ni mazaunin Manchester ne a Ingila, shekarata 43. Na yi rajistar gasar tirayatlon ta gajeren zango a watan Mayu: iyo mita 750 a tafki, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Keke da gudu ba su dame ni ba, kuma a kwamin iyo ina yin mita 1,000 ba tsayawa. Sai dai ban taɓa sa ƙafa a tafki ba, tunanin ruwan nan mai duhu har barci yake hana ni. Wani abokin aikina ya ce in sha shayi mai citta, da an busa usur in faɗa ruwan da dukkan ƙarfina, jiki zai ɗauki zafi da kansa. Haka abin yake?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, don Allah kada ka bi wannan shawara. Kullum sai na ji ta a bakin sababbin shiga, yawanci daga bidiyon wani da bai taɓa tsamo mutum daga ruwa ba, kuma tana ɓata mini rai don rai take jefawa cikin haɗari.

Kwamin da ka saba da shi zafin ruwansa digiri 27 ne ko 28. Tafkin Ingila a watan Mayu sau da yawa bai kai 15 ba. Da ruwa mai wannan sanyi ya taɓa fatarka, za ka ja numfashi da ƙarfi ba tare da ka yi niyya ba, sai haki ya biyo baya, zuciya ta hau bugu, jini ya hau. Mai iya riƙe numfashi na minti guda a tudu, a nan daƙiƙa 10 ma gagararsa take yi. Idan lokacin jan numfashin nan kanka yana cikin ruwa, ruwa za ka shaƙa. Abin ya fi tsanani a daƙiƙa 30 na farko, ya lafa cikin minti ɗaya zuwa uku, kuma babu ruwansa da ƙarfin damtse ko tsawon zangon da kake yi a kwami. Citta ba ta hana shi. Bakinka da cikinka za ta ɗumama, alhali daga fata saƙon yake tashi.

Akwai wanda ya fi wannan. Sanyi a jiki yana umartar zuciya ta yi sauri, ruwan sanyi a fuska tare da riƙe numfashi kuma yana umartar ta ta sassauta. Idan umarnin biyu suka zo lokaci guda, bugun zuciya yana iya rikicewa. Farfesa Mike Tipton na Jami'ar Portsmouth ya daɗe yana bincike a kan wannan. To ka ƙara da fargabar ranar gasa, da ƙafar wani a fuskarka, da gwiwar hannun wani a haƙarƙarinka, sannan a ce maka ka faɗa da dukkan ƙarfinka? Wani bincike a Amurka ya bi gasannin 1985 zuwa 2016, ya tattara mutum 135 da suka mutu ko zuciyarsu ta tsaya, 90 daga cikinsu a sashen iyo, mafi yawansu maza da suka haura 40. Shekarunka ke nan, shi ya sa nake nanatawa.

Alhamdulillahi, jiki yana sabawa. Shiga ruwan sanyi na 'yan mintuna sau biyar ko shida yana rage firgicin nan da kusan rabi. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka tun yanzu ka nemi tafkin da ke da masu ceto a kwale-kwale, kada ka taɓa zuwa kai kaɗai. Ka shiga a hankali, ka watsa ruwa a fuska da wuya, ka ɗan ja wuyan rigar robarka (rigar iyo mai riƙe ɗumin jiki, mai kuma taimaka maka yawo a saman ruwa) ruwa ya shiga, ka tsaya har numfashinka ya daidaita. Sannan ka sa fuska a ruwa kana fitar da iska. Rigar da tabarau ɗin da za ka yi gasa da su, da su za ka yi atisaye.

Duhun ruwa kuwa da sauƙi. Babu layi a ƙasa da zai nuna maka hanya kamar a kwami, don haka bayan kowane bugun hannu shida ko takwas ka ɗaga idanu kaɗan ka hango alamar da ke kan ruwa, ko wata bishiya a bayanta.

Ranar gasa ka tsaya a baya ko gefe, ka bar masu gaggawa su wuce. Idan numfashi ya ƙwace maka, ka juya rigingine, rigar za ta ɗauke ka, ka ɗaga hannu ɗaya, mai kwale-kwale zai zo. Idan kuwa ka ji tari ya sarƙe ka ko ƙirji ya ɗaure, ka fita daga ruwan nan take. Kafin duk wannan, ka je likitanka ya auna hawan jininka, ka gaya masa idan akwai ciwon zuciya a danginku ko ka taɓa suma wajen motsa jiki. Allah Ya ba da sa'a.