Amsa ga mai son cire murfin giranda

Assalamu alaikum 'yan gurup. Ƙanena na Jega, na ji muryarka tun da hantsi, aiki ne ya riƙe ni sai yanzu bayan la'asar. Ka ce ka samu aikin ƙyamaren gida, bututun mai kauri ne, ƙaramin faifai ba ya ratsa shi, shi ne kake tambaya ko ka cire murfin ƙaramar girandarka, wato injin yanka da gugar ƙarfe, ka ɗaura mata babban faifai. To don Allah kar ka fara.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne ramin tsakiyar faifai. Na inci 4 da rabi da na inci 9 duk rami ɗaya gare su, sai mutum ya ga ai ya zauna daram, shi ke nan. Zama daban, gudu daban. Ƙaramar giranda tana juyi kamar sau 11,000 a minti guda. Babban faifan nan kuwa iyakarsa wajen 6,600. Ɗauko shi ka duba, lambar na nan rubuce a jikinsa. Ka ga ka kusa ninka mishi gudu ke nan. Kuma faifan nan ba ƙarfe ba ne fa, garin dutsen wasa ne aka haɗa da danƙo da zare kamar raga. In ya fashe, ɓaraguzan ba su da hanya sai fuskarka da wuyanka, tunda murfin da zai tare su ka riga ka jefar da shi ƙarƙashin benci.

Bututu mai kusurwa huɗu ai ba sai babban faifai ba. Ka ja layi zagaye, ka yanka gefe guda, ka juya, haka har ka gama. Jinkiri ne kawai.

Tunda an taɓo maganar, yara ku saurara. Zoben ƙarfen da ke tsakiyar faifai, akwai kwanan watan ƙarewar faifan a kai, shekara 3 ne wa'adinsa daga ranar da aka yi shi. Wanda ya kwana cikin laimar damina ma ni ba na yarda da shi, ko da sabo ne. Siririn faifan yanka kuma ba a goge walda da gefensa, na gugar daban ne, mai kauri. In ka sa sabo, ka kau da shi daga jikinka ya yi gudu kamar minti guda kafin ya taɓa ƙarfe.

Amma abin da ya fi ba ni tsoro a shagunanmu ɗauke wuta ne. Wani yarona shina cikin yanka aka ɗauke, ya aje girandar a ƙasa makunni a kulle a kunne, ya tafi shan ruwa. Da aka maido wuta sai ta tashi da kanta, ta bi ƙasa tana tsalle, ta yanke wayarta, ta tsaga mishi takalmi. Allah ne ya tsare, ɗinki huɗu aka yi mishi a ɗan yatsa. Tun ranar dokata guda ce: wuta ta tafi, a zare daga soket. Canjin faifai ma haka. Gilashin ido kuma ba na roƙon kowa, wanda bai sa ba ya koma gida. Babbar riga da rawani a rataye su kafin a kunna.

Ga hunturu na tafe, ƙura da garin ƙarfe ke toshe mata hanyar iska har koyil, wato naɗin wayar cikin injin, ya ƙone. Ku riƙa hure ta duk yamma. In kun ga tartsatsi ya yi yawa daga ciki, kabon ne ya cinye, wato 'yan gawayin nan biyu na cikin injin, a canza duka biyun tare.

Kai kuma ƙanena, ka turo yaro Birnin Kebbi gobe da safe ya karɓar maka babbar tawa, da murfinta da mariƙinta na gefe. Ranar Alhamis nake son abata, ina da tagogin wata makaranta.