Shirin da ke leƙa folda yana ta zagaye har ya faɗi

"Malam, na rubuta shiri da C a kan Linux don ya jero fayilolin da ke cikin folda har da na ƙananan foldojin da ke ƙarƙashinta. Wani lokaci sai ya yi ta zagaye har ya faɗi, wani lokaci kuma stat, kiran da ke kawo bayanan fayil, ya ce babu fayil alhali ga shi ina gani. Ina na kuskure?"

Ɗana, matsalolin nan biyu uwarsu ɗaya. Ka ɗauka readdir, kiran da ke karanto abin da ke cikin folda, fayil yake miƙo maka, alhali suna kawai yake ba ka. Folda jerin sunaye ce, kowane suna da lambar inode ɗinsa, wato ma'ajiyar bayanan fayil ɗin. Girman fayil, mai shi, lokacin da aka taɓa shi, duk sai ka tambaya daban.

Mu fara da zagayen. A cikin sunayen da za su fito akwai "." da "..", wato foldar da kake ciki da uwarta. Idan shirinka ya shiga ".", ya koma inda yake ke nan, sai ya sake shiga. Kowane opendir, wato kiran da ke buɗe folda, yana riƙe lambar buɗaɗɗen fayil guda, kuma galibin na'urorin Linux 1024 suke ba shiri ɗaya. Da sun ƙare sai opendir ya dawo da NULL, errno, inda ake ajiye lambar kuskure, ya zama EMFILE, wato buɗaɗɗun fayiloli sun yi yawa. Kai kuma ba ka duba ba, ka miƙa wa readdir wannan NULL ɗin, shi ne faɗuwar da kake gani. Ka tsallake sunayen nan biyu da strcmp. Kada ka ce duk sunan da ya fara da ɗigo a bar shi, don za ka zubar da ɓoyayyun fayiloli irin su .bashrc.

Akwai wata hanyar zagayen kuma: fayil mai nuni, wanda ake ƙirƙira da ln -s, yana iya nuna foldar da ke sama da shi. Shi stat yana bin nunin, sai ya ce maka folda ce, ka faɗa ciki. Yi amfani da lstat, shi zai gaya maka cewa nuni ne, ka wuce.

Batun "babu fayil" kuwa, d_name, inda readdir ke sa sunan, ba ya ɗauke da cikakkiyar hanya. Ka buɗe /var/log, an ba ka suna tsurarsa, ka miƙa wa stat, shi kuma ya je nema a foldar da aka tayar da shirin. Kana iya haɗa hanyar da snprintf, amma ni na fi son fstatat: ka ba shi lambar foldar da ka buɗe, wadda dirfd ke bayarwa, da sunan, da AT_SYMLINK_NOFOLLOW don kada ya bi nuni. Ka huta da haɗa dogayen hanyoyi, waɗanda iyakarsu bayit 4096 ce a Linux, kuma ko an sauya wa uwar foldar suna kana tsakar aiki, ba za ka ɓata ba. Duk da haka ENOENT, wato "babu fayil", na iya zuwa, idan wani ya goge fayil tsakanin readdir da fstatat. Wannan ba laifinka ba ne, ka tsallake ka ci gaba.

Za ka ga d_type, wanda ke faɗin ko suna fayil ne ko folda, ka yi murna ka samu gajeriyar hanya. Yana da sauri, gaskiya, sai dai POSIX, ƙa'idar da tsarukan irin Unix ke bi, bai wajabta shi ba, kuma wasu tsare-tsaren fayil DT_UNKNOWN suke dawowa da shi, wato ba a san nau'in ba. In ka ga haka, koma ga fstatat.

Wurin da yara suka fi sakaci shi ne ƙarshen karatu. NULL daga readdir yana nufin ko an gama ko an samu matsala. Ka sa errno ya zama 0 kafin kowane kira, in NULL ya zo ka duba shi. Sunan da aka ba ka ma aro ne, kira na gaba zai iya rubutu a kansa, don haka in za ka ajiye, kwafe shi da strdup. Kuma sunayen ba a jere suke zuwa ba. In kana son jeri irin na ls, ga scandir da alphasort.

Ka rabu da readdir_r, ɗan'uwan readdir, tun sigar 2.24 ta glibc, laburaren C na GNU, aka ce a daina amfani da shi. Sannan kowace ƙofa da aikin zai fita ta cikinta, har ta kuskure, ka tabbata closedir na bakinta.